Ranar da Na Yanka Rigar Uwar Amarya

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga kai, ban jin zai iya kwashe wannan. Shekaru sun tura, furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma har yau in na tuna wani biki da aka yi a unguwar Koira Kano ta Yamai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Ba a zage ni ba ranar, ba a mare ni ba. Yabona ma aka yi a gaban mutane. Wallahi da marin aka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ni tela ne, mutumin Maradi. Tun ina saurayi aka kawo ni Yamai wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda yake da atelye, wato shagon ɗinkin mata. Ba cika baki ba, Allah ya ba ni hannu. In aka shimfiɗa mini yadi na ɗauki almakashi, ba na bukatar alli, yankan yana tafiya kamar an ja layi. Aikin wuya kuwa ba a magana. Matan manyan ma'aikata da matan ƴan kasuwa sukan zo su ce wa Kawu, "Alhaji, ɗan ƴar'uwarka muke so ya yi mana." Ni kuma ina daga ciki ina jin su, kaina yana ƙara girma. A lokacin, in ka tambaye ni mene ne atelye, sai in nuna maka hannuna na dama.

Ana nan sai aka kawo mana wani matashi daga Tawa. Ya yi karatu har lise, wato babbar sakandare, mahaifinsa ya rasu, dole ta sa ya bari ya nemi sana'a. Muka laƙa masa suna Ɗan Lise, kuma ni na fara. Ɗinkinsa, in gaya muku gaskiya, abin tausayi ne. In ya ja layi sai ya karkace kamar hanyar jaki. Ga shi da tambayar tsiya. Me ya sa ake fara yanka hannu kafin jiki? Me ya sa wannan zaren yake tsinkewa a wancan keken amma ba ya tsinkewa a wannan? Nakan ce masa, "Kai malam, nan ba lakwal ba ne, ba aji muke ba. Rufe baki ka kalli hannuna." Sai ya yi murmushi ya ce, "To, Yaya." Gobe kuma ya dawo da wata tambayar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda Kawu ya ɗauke shi aiki. Kawu yana da wata ɗabi'a: in mutum ya zo neman aiki ba ya ba shi allura ya gwada shi. Aikensa yake yi. Zai ce masa, je ka shagon wane a kasuwa ka karɓo mini zare shuɗi, alhali ya san mai shagon ya yi tafiya, shagon a rufe yake. Sai ya zauna ya jira ya ga yadda mutum zai dawo. Wani ya dawo hannu rabbana ya ce a rufe yake. Wani ya shiga shagon kusa ya kwaso duk shuɗin da ya gani. Shi Ɗan Lise, kafin ma ya fita sai da ya tambaya wane yadi za a ɗinka da zaren, ya roƙi ɗan ƙyalle ya sa a aljihu. Da ya tarar da shagon a rufe, ya bi shaguna yana karawa da ƙyallen har ya samo daidai. A ranar Kawu ya nuna masa keke ya ce zauna.

Na ce, "Haba Kawu, tela muke nema ko ɗan aike?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hannu zan iya koya masa, yadda na koya maka. Abin da ya yi yau kuwa, ban san yadda ake koya wa mutum shi ba."

Ban yarda ba. A raina na ce tsufa ne ya fara taɓa Kawu. Ko da na ga yaron ya kwance keken aikin wuya da ya gagari mai gyara ya mayar da shi yana aiki, cewa na yi sa'a ce. Ko da na ga cikin ɗan lokaci ya fara ciniki da Zabarmanci, ni da na daɗe a garin ban wuce gaisuwa ba, cewa na yi surutu ne ya yi masa yawa. Shi ne ma ya lura cewa a lokacin zafi kuran, wato wutar lantarki, ya fi ɗaukewa da rana tsaka, ya ba da shawara a riƙa aikin keken lantarki da safe, a bar yanka da guga da ɗinkin hannu zuwa lokacin da wuta ta tafi. Shekara da shekaru muna zama muna fifita muna zagin kamfanin wuta, babu wanda tunanin ya zo masa. Duk wannan ban ga komai a ciki ba, tunda dai layinsa bai miƙe kamar nawa ba.

Sai idon Kawu ya fara ba shi wahala. Ya kai in zai zura zare sai ya kira wani. Likita ya ce sai an yi masa aiki, kuma bayan aikin ba shi ba dogon zama kan keke. Kawu ya tara mu ya ce zai tafi a yi masa aikin, zai jima yana jinya, kuma wanda ya riƙe atelye a bayansa, in ya riƙe da kyau, shi zai ci gaba da riƙewa, shi kuma ya koma gefe ya huta. Na gyara zama, har na fara sunkuyar da kai irin na wanda za a yaba. Sai na ji ya ambaci Ɗan Lise.

Kai, ranar ban san da wace ƙafa na fita ba. Ni da na ba wurin nan ƙuruciyata, ni da ake zuwa domina, a ɗora mini yaron da bai iya kafa aljihu ba? Ban yi wa Kawu musu a gabansa ba, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Abin da na yi ya fi musu muni. Na kira mahaifiyata a Maradi na kai ƙara, har da rawar murya. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goya shi. Ban san abin da ta faɗa masa ba. Washegari dai ya kira ni gefe, fuskarsa babu walwala, ya ce, "Yaya ta yi magana, ba ni da ta cewa. Ka riƙe. Amma ka riƙa jin shawarar yaron nan." Na ce to. Tun kafin in juya na zubar da maganar.

Kawu bai daɗe da tafiya ba wata Hajiya ta zo da babban aiki. Ta daɗe tana kawo ɗinki wurinmu, tun ina sabon zuwa nake ganinta. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya tilo, kuma ita ce za a aurar. Ta kawo inifom na iyaye, wato kaya iri ɗaya da iyaye mata na ɓangaren amarya da na ango za su sa ranar biki. Shadda ce da ta aika aka rina mata musamman a Bamako, kalar ƙasa-ƙasa mai ɗan ja, da wani babban zane zagayayye da ke maimaituwa a jikinta. Ta shafa shaddar ta ce mini, "Ɗana, tukunya ɗaya aka yi mini, babu irinta a kasuwa. Na lissafa kowa, har na ɗan ƙara. Ka ga ni ba ni da wata ɗiyar da zan sake yi wa. So nake ranar nan in tsaya a tsakiyar ƴan'uwana, mu duka kala ɗaya."

Yadda ake yi, kowace mace takan aiko da tsohuwar rigarta a auna da ita. Na ɓangaren amarya duk sun iso. Na ɓangaren ango ma yawanci sun zo, saura na gwaggonninsa uku da ke Damagaram, an ce za a sako rigunan nasu a mota. Hajiya ta ja kunnena a kansu, musamman babbar. Ta ce ita ce za ta karɓi amarya, ita ake jin tsoro a gidan, kuma tun farko ba ta so auren ba, ta fi son ɗan nasu ya ɗauki ƴar gida.

Da Hajiya ta fita na shimfiɗa shaddar, zanen nan ya ɗauke mini hankali. Nan take na ga yadda zai zauna: zagayen ya faɗo daidai tsakiyar ƙirji, wani kuma daidai tsakiyar baya. Na ɗauki almakashi. Sai Ɗan Lise ya matso ya ce, "Yaya, da za ka ɗan dakata. In kowace riga sai zanen ya zo tsakiya gaba da baya, tsakanin riga da riga za mu riƙa zubar da yadi. Mu shimfiɗa duka mu auna tukuna, mu ware na mutanen Damagaram da yalwa tunda ba mu san girmansu ba. In ya so a daidaita zanen a gaba kawai."

A gaban sauran teloli ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙona ni. Na ce, "Ɗan Lise, tun kana wasan ƙasa nake yanka shadda. Ta ce ta ƙara. In lissafi kake so, koma lise, ga hanya nan." Aka yi dariya. Ya koma kekensa, ni kuma na zura almakashi.

Rigunan sun yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Duk wadda aka gama aka rataye, masu wucewa sai sun tsaya. Amma inda na zuba raina shi ne rigar Hajiya. Na yanka mata babbar buba mai yalwa, na zauna a kan wuyanta na yi wani aiki da ban taɓa yin irinsa ba, zare kala uku, ganye yana bin ganye har kafaɗa. Kwanaki na yi a kanta ban ɗaga kai ba. Ana zuwa tambayata wane aiki za a fara, in ce ku bari in gama nan. Masu karɓar ɗinki suna zuwa suna komawa. Sau biyu Ɗan Lise ya ce mini, "Yaya, shaddar nan tana ja da baya," sau biyu na kore shi da hannu kamar ƙuda. Kwandon da ke ƙarƙashin tebur kuwa yana ta cika da ƙyallaye masu tsada, ni ko kallonsa ban yi ba.

Ana saura ƴan kwanaki biki jakar Damagaram ta iso. Na zazzage ta a kan tebur, na ɗaga rigar farko. Inna lillahi! Mata ne masu jiki, Allah ya yi musu girma da tsawo, babbar kuwa rigarta sai da na buɗe hannuwana duka biyu. Na jawo abin da ya rage na shadda na auna. Na sake aunawa. Na juya ta ta wancan gefen na auna, kamar juyawar za ta ƙara mata tsawo. Mutum ɗaya za ta yi wa, ita ma da ƙyar. Kowa a atelye ya sunkuyar da kai kan kekensa.

Na yanki ƙyalle na hau babur na bazama. Babu shagon shaddar da ban shiga ba a babbar kasuwa. Kowa ya karɓi ƙyallen ya juya sai ya ce, "Wannan ai rinin oda ne, sai dai can inda aka yi shi." Na sayi farar shadda na kai wa wata mai rini a wajen unguwar Saga, na roƙe ta kamar zan yi kuka. Matar ta yi iya ƙoƙarinta, amma da ya bushe aka kara da na asali, ko makaho ya shafa zai ce ba ɗaya ba ne. Na dawo atelye na zauna a kan benci. Ni da nake ganin babu abin da ya gagare ni a sana'ar nan, kaina ya tsaya cak. Abin da kawai yake zo mini shi ne in rufe salula in ce ba ni da lafiya.

Ɗan Lise ne ya zo ya tsuguna kusa da ni. Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma da ya faɗa da na samu abin yin faɗa da shi na huce. Cewa ya yi, "Yaya, rigunan ba su bar nan ba tukuna. Kowace tana da zanen ɗaurawa, kuma saman zanen buba ce take rufe shi, babu mai gani. In muka yanke saman kowane zane muka maye shi da shaddar da ka rino, abin da muka tara zai fitar da riga guda. Amma haɗa shi yadda ba za a ga gaɓa ba, wannan sai hannunka."

Haka muka yi. Shi ya tsara wa kowa abin da zai kama, ya san wanda zai farke da wanda zai maye, ya kira masu sauran ɗinki ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri ya sa musu wata rana. Ni kuma na zauna ina haɗa guntaye ina bin zanen rini har gaɓar ta ɓace. Riga ta biyu ta fita. Saura ta babbar gwaggo, kuma ko ƙyallen da za a yi kallabi bai rage ba.

Ya ce, "Yaya, mu je mu gaya wa Hajiya yanzu, tun tana da lokacin yin shawara."

Na ce, "Mu bari zuwa gobe, wataƙila wata dabara ta zo."

Ya ce, "In dabarar ba ta zo ba fa? Goben ta fi yau wuya a gare ta. Tashi mu je, zan raka ka."

Muka tarar da gidan a cike, ana ta daka ana ta soye-soye, an fara kafa rumfa a ƙofar gida. Hajiya ta fito da fara'arta tana cewa, "A'a, telolina ne da kansu? An gama ke nan?" Na durƙusa. Na so in ce shaddar ce ba ta kai ba, amma Ɗan Lise yana tsaye a bayana, kuma ita kanta ta san abin da ta kawo. Na ce, "Hajiya, ni na yi ɓarna a yanka. Rigar babbar gwaggon ango ba ta samu ba."

Fara'ar nan ta zube daga fuskarta ina kallo. Can ta ce a hankali, "Ka san abin da ka yi kuwa? In matar nan ta zo ta ga kowa da inifom ban da ita, ba ni za ta riƙe ba. Ɗiyata za ta riƙe. Yarinyar nan za ta shekara goma a gidan tana biyan kuɗin rigar da ba ta san zancenta ba." Ta share ido da bakin mayafi, ta dubi ƙofa kada wani ya ji. Sannan ta ce, "Tawa fa? Ka ce ka yanka ta da yalwa."

Na ce, "Hajiya, taki ce fa. Ke ce uwar amarya."

Ta ce, "Na san ko ni wace ce. Tambayarka nake, za ta shige ta?"

Na juya na dubi Ɗan Lise, yadda yaro yake duban babba. Ya ce, "Za ta shiga, Hajiya, in an saki gefe an ƙara tsawo da zanenki. Sai dai wuyan ya yi mata kaɗan, dole a buɗe shi."

Ta ce, "To ku buɗe." Ta juya ta shige ciki, ba ta ko yi mana sallama ba.

Da hannuna na yanka wuyan nan. Na shimfiɗa rigar, na ɗora almakashi a kan ganyen da na ɓata kwanaki ina jerawa. Na yanke, na buɗe, na sake bin bakin da zare yadda ba za a gane an taɓa ba.

Ranar biki da hantsi na kai rigar da kaina, don guga ta ƙarshe ta ja mu. Na so in miƙa a ƙofa in gudu, aka ce Hajiya ta ce in dawo da la'asar in ci abinci, kuma ba a ƙin kiran irinta. Da na dawo na tarar da iyaye sun cika rumfa, layi bayan layi, duk kala ɗaya, zagayen nan yana zaune daram a ƙirjin kowace. Abin gwanin kyau. A tsakiyarsu kuma ga Hajiya tana kai da kawowa cikin wata koriyar shadda da na san ta da ita tun bara, ni na ɗinka mata. Ita kaɗai ce daban a bikin ɗiyarta.

Ina raɓe a jikin wata mota sai na ji wata daga dangin ango ta ɗaga murya ta ce, "Uwar amarya, ina naki inifom ɗin? Ko mu kika sa wa kika ƙi sawa?" Aka yi dariya. Hajiya ma ta yi dariyar ta ce, "Ni yau ƴar aiki ce, ina ni ina kwalliya? In na sa irin naku wa zai gane ni ya aike ni?" Aka sake dariya, magana ta wuce. Ni kaɗai na ga yadda ta juya da sauri ta yi kamar tana gyara kujera.

Sai babbar gwaggo, tana zaune a gaba kamar sarauniya, ta shafa wuyan rigarta ta ce, "Ni dai a nuna mini telan da ya yi wannan aiki. Duk taron nan babu mai irin wuyana. Lallai an san girmana a gidan nan." Hajiya ta waiga ta hango ni, ta yafito ni da hannu. Na zo na durƙusa a gaban mata sun fi a ƙirga. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ga shi nan, Yaya. Duk Yamai babu mai hannunsa." Tsohuwar ta yi ta sa mini albarka, mata suna amin, wata har da guɗa. Hannun Hajiya yana kan kafaɗata, ni kuma idona yana kan bakin koriyar shaddarta, inda guga ta fara cinye kalar. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ban ƙara jin irinta ba. Abincin da aka zubo mini ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Da Kawu ya dawo, da baƙin tabarau a fuskarsa, ya riga ya ji komai. Hajiya ba ta kai ƙarata ba, amma magana ba ta ɓuya a atelye. Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna a tsakiyarmu, ya kira ni. Na zaci faɗa zai yi, na ma shirya masa. Sai ya tambaye ni cikin sanyin murya, "Yankanka ya karkace a rigunan nan?"

Na ce, "A'a, Kawu."

"Aikin wuyan ya ɓaci?"

"Bai ɓaci ba."

"To ka ga hannunka bai yi laifin komai ba. Ban taɓa cewa akwai wanda ya fi ka hannu ba, har gobe babu. Kai riga ɗaya kake gani, ka gan ta fiye da kowa. Shi kuma yana ganin rigar da ba ta iso ba tukuna." Sannan ya ce, "Na yi wa Yaya, mahaifiyarka, alkawari, ba zan tashe ka da bakina ba. Kai za ka faɗa mini wanda zai riƙe wurin nan."

Kowa ya tsayar da kekensa. Ɗan Lise ya sunkuyar da kai kamar shi ne mai laifin. Na buɗe baki, kuma a karo na farko tun zuwansa na kira shi da sunansa na yanka.

Yau shi ke riƙe da atelye, ya faɗaɗa shi, ni ne babban mai yanka da aikin wuya, kuma har yanzu Yaya yake ce mini. Layinsa ya ɗan miƙe, amma in ba ku gaya masa ba, bai kai nawa ba. Wani mai kawo ɗinki wurinmu da ke aikin ɗaukar ma'aikata a wani ofis ya taɓa ce mini su ma wannan gardamar suke yi kullum, ko a ɗauki wanda ya ƙware a abu ɗaya, ko a ɗauki mai kaifin kai da zai iya kama duk abin da aka sa shi. Na ce masa ni ban yi karatun da zan raba musu gardama ba. Abin da na sani shi ne, gwanintar mutum a abu ɗaya tana gaya maka yadda zai yi wannan abin ne kawai, ba ta gaya maka abin da zai yi ranar da aiki ya zo masa ta inda bai saba ba. In aikin wuya kake so, kawo mini. In kuwa wuri za ka damƙa wa mutum, da jama'a da amanarsu a ciki, kada kyan hannunsa ya rufe maka ido, duba abin da yake tambaya kafin ya taɓa aikin. Ni sai da wata baiwar Allah ta aurar da ɗiyarta tilo cikin tsohuwar riga kafin in gane haka, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.